Yadda ake shimfiɗa yaƙin Halen a kan yashi don yara su gane

Yaron Daura ya san doki tun kafin ya san baƙi. Ya bi hawan Magajiya da ƙafa, ya sha ƙurar barade in sun zo jafi. Saboda haka in ka tsaya gaban allo ka ce masa sojan doki na Beljiyam sun yi nasara a yaƙin Halen a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da zai hango sukuwa ce da mashi. Alhali sauka suka yi daga dawakansu, suka kwanta a ƙasa da bindiga. Na daɗe ina faɗin wannan a aji, yara na rubutawa suna mantawa, har ranar da na fitar da su waje. Ga yadda nake yi, ko wani ɗan'uwa malami zai amfana.

Ka sami wuri mai yashi a gindin darbejiya, da hantsi kafin rana ta yi zafi. Ka tanadi igiya, da tsakuwa, da ƙwallon goruba, da marafan kwalba, da karan dawa.

Kafin a taɓa ƙasa, ka ba su tushen maganar a taƙaice. Jamus ta shiga Beljiyam ran 4 ga Agusta 1914 don ta bi ta can ta auka wa Faransa. Rundunar Beljiyam ta ja daga a bayan kogin Gete. Janar von der Marwitz ya zo da mahayan Jamus zai ƙetare kogin a garin Halen, Janar De Witte na Beljiyam kuma aka ba tsaron wurin. Aka haɗu ran 12 ga Agusta.

Sai ka miƙe igiya daga kudu zuwa arewa, kogin ke nan. Ka ɗora kara a kanta ya zama gada, ka sa yaro ya karya shi rabi kada ya rabu, domin 'yan Beljiyam sun sa wa gadar nakiya amma ba ta rushe duka ba, ta nan Jamusawa suka samu hanya. Goruba a gabas, su ne Jamusawa. A yamma da gada ka zana gari, bayansa ka tara yashi ya zama tuddai, nan igwar Beljiyam take. Marafan kwalba su ne sojan keke na Beljiyam, waɗanda suka fara tare gada kafin su ja baya zuwa gonaki. Ka ja layi mai zurfi da yatsa, ka ce musu burtali ne wanda ya nitse ƙasa, mahayi ba ya ganinsa sai ya zo bakinsa. Kada ka manta da shi.

A nan nake tsayawa, kuma nan ne darasin yake. Ina miƙa wa yaro tsakuwa in ce, "Kai ne De Witte, mahayanka ke nan, abokan gaba sun fi ka yawa. Me za ka yi?" Kullum amsar ɗaya ce: "Malam, mu sakar musu linzami!" Ka ƙyale su su yi gardama sosai. In wani ya ce a sauka, za ka ji an ce masa matsoraci, domin a wurinmu barde ya sauka daga sirdi a fagen fama abin kunya ne. Sai sun gaji za ka gaya musu cewa sauka ɗin aka yi. Aka kai dawakai baya, mahaya suka jeru a bayan shinge kewaye da wani gidan gona, IJzerwinning. Ka jera tsakuwar a gabansu a hankali.

Yanzu ka sa yara su gangaro da goruba, rukuni bayan rukuni, kamar yadda Jamusawa suka yi ta kawo hari da mashi da takobi. Wadda ta faɗa burtali a bar ta a nan. Ka ambaci shingen waya da ya sarƙe ƙafafun dawakai, da igwa da ke zubo wuta daga tudu, da bindiga mai jigida. Da rana ta karkata dakarun ƙasa na Beljiyam suka iso da gudummawa. Ka ƙaro tsakuwa daga baya. Kafin dare Jamusawa suka koma ƙetaren kogi.

Kada ka bari a yi dariya a wannan gaɓar. Kakana muri ne, a barga na tashi, na san yadda doki ke kallon mai ba shi harawa. Ɗaruruwan dawakai ne suka mutu a gonakin nan a yini guda, ban da mutane ta kowane ɓangare. Ina tuna wa yara Kwatarkwashi, 1903, inda mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka sukwano kan bindigogin sojan Turawa, shi ma ya kwanta dama a wurin. Shekara 11 ce kawai tsakani. Ba jarumtaka ce ta gaza ba a ko'ina cikin biyun, kuma yara suna yin tsit in sun ji haka.

Wani abin da nake roƙon malamai shi ne kada a kambama nasarar. Ana kiran ranar yaƙin kwalkwalin azurfa, saboda kwalkwalai masu ƙyalli da aka tsinta a filin, De Witte kuma ya sami sarauta da sunan Halen. Amma kwana 6 bayan haka rundunar Beljiyam ta fara ja da baya zuwa Antiwaf, ran 20 ga Agusta Jamusawa suka shiga Burasel, babban birnin ƙasar. Ina kwashe tsakuwar da hannuna in matsar da ita arewa maso yamma, goruba ta cika filin.

In saura minti 10, ka share yashin da ƙafa, ka miƙa igiya da kara ga yaron da bai ce uffan ba tun farko, ya sake shimfiɗawa da kansa. Abin da suka fi mantawa shi ne burtali, sai ka bari 'yan'uwansa su tuna masa.