Shawara ga Mai Jiran Tumatirin Farko a Lambunsa

Jama'a, duk wanda tumatirinsa ya fara nuna a lambun gida, ina ba shi shawara kada ya jira sai ya yi ja wur kafin ya tsinka. Da zarar launin kore ya fara juyawa zuwa ja daga ƙasa, to ya isa ya ƙarasa nuna a ɗaki, kuma tsinkarsa a lokacin kan tserar da shi daga tsuntsaye da tsagewar da ruwa mai yawa yake haddasawa bayan ƙasa ta bushe. Idan zafi ya haura digiri 30 ma, jan launin kan yi jinkirin fitowa a jikin shukar.

A tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, a yanke da almakashi domin kada reshe ya karye, sannan a shimfiɗa shi a inuwa ba tare da an jibga wani kan wani ba. Nunanniyar ayaba a kusa da shi tana hanzarta nunarsa. Firiji kuwa, a ganina, rage masa ɗanɗano kawai yake yi.

Wanda ƙasansa ya yi baƙi a cire shi, a kuma daidaita ban ruwa, domin yawanci rashin daidaiton danshi ne ke hana sinadarin kalsiyam isa gare shi, rashin wannan sinadarin kuma shi ke jawo baƙin.