Kurakuran da Masu Sa Ido Kan Hukumomin Leƙen Asiri Suka Fi Yi, da Yadda Za a Gyara Su

Ranar 5 ga Fabrairun 2003, sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ɗauke da hotunan tauraron ɗan'adam da muryoyin da aka naɗa a asirce, yana shaida wa duniya cewa Iraƙi na ɓoye makaman ƙare dangi. Ranar 20 ga Maris aka fara yaƙi. A 2004 tawagar da Amurka ta tura da kanta, ƙarƙashin Charles Duelfer, ta kammala bincike ba ta tarar da tarin makaman da aka yi ta magana a kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a lokacin akwai masu sa ido. Majalisar dattawan Amurka ta kafa kwamitinta na leƙen asiri tun 1976, ta wakilai ta bi sahu a 1977, bayan binciken Sanata Frank Church ya bankaɗo ɓarnar hukumar leƙen asiri ta CIA da ta binciken laifuka ta FBI. Birtaniya ma tana da nata kwamitin tun 1994. Kujeru na nan, doka na nan, amma tambayar da ta dace ba a yi ta da ƙarfi ba kafin a yanke shawara: ta yaya kuka sani? Kusan duk kurakuran da ke ƙasa daga rashin wannan tambaya suka tsiro.

Karɓar hukunci ba tare da bin diddigin majiya ba

Wannan shi ne uban kurakuran, don haka zan daɗe a kansa. Labarin da Powell ya bayar na motocin da aka mayar ɗakunan haɗa makaman ƙwayoyin cuta, kusan duka ya dogara ne da mutum guda, wani ɗan Iraƙi da ya nemi mafaka a Jamus, wanda aka laƙaba wa suna Curveball. Hukumar leƙen asirin Jamus, BND, ita ke riƙe da shi. Kafin yaƙin, jami'in Amurka ɗaya kacal ya taɓa ganinsa ido da ido, shi ma ya dawo da shakku a kansa. Sai a 2004 CIA ta yi masa tambayoyi da kanta, ta kuma ayyana shi maƙaryaci. A 2011 mutumin ya amsa wa jaridar Guardian cewa shirya labarin ya yi.

Yadda irin wannan ke faruwa ba wani abin mamaki ba ne. Majiya ta faɗa wa jami'i, jami'i ya rubuta, mai nazari ya taƙaita, wani ya taƙaita taƙaitawar, kuma a kowane hawa sai wata 'yar shakka ta zube a hanya. Kafin takarda ta kai teburin shugaba, "wani ya ce" ya rikiɗe ya zama "mun tabbatar". Wani lokacin ma labari ɗaya ne ke zagayawa tsakanin ƙasashe ƙawaye, ya dawo wa mai shi ta wata ƙofa, a ƙirga shi a matsayin shaida ta biyu.

Ɗan kwamiti ba ya buƙatar sanin sunan majiya, kuma bai kamata ya nema ba, domin ran mutum na iya salwanta. Abin da zai nace a kai shi ne: majiyoyi nawa ne, kuma kowace da ƙafarta ta zo? Da idonsa ya gani ko ji ya yi? Me yake nema, kuɗi, mafaka, ko faɗuwar gwamnatin da ya gudo wa? Ya taɓa faɗin abin da daga baya ya tabbata? In aka zare wannan mutum ɗaya, me ya rage a tsaye? Ita wannan ta ƙarshe ta fi sauran cizo. Da an matsa a kanta a 2002, da batun motocin nan ya rushe a zaune ɗaya.

Karanta taƙaitawa a bar cikakken rahoto

A Oktoban 2002 hukumomin Amurka suka haɗa babban ƙiyasinsu kan makaman Iraƙi, mai shafi casa'in da 'yan kai, cikin kusan mako uku. A cikinsa akwai saɓani. Masanan ma'aikatar makamashi, waɗanda su ne suka fi kowa sanin injinan tace yuraniyom, sun ce bututun alminiyom da Iraƙi ke saye sun fi dacewa da rokokin yaƙi na yau da kullum. Sashen bincike na ma'aikatar harkokin waje ya ƙi yarda cewa akwai ƙwaƙƙwarar hujjar Iraƙi ta farfaɗo da shirin nukiliya. Amma 'yan majalisa ƙalilan ne suka je ɗakin sirri suka karanta cikakken rahoton, ita kuwa takardar da aka fitar wa jama'a an tsiyaye mata yawancin kalmomin taka-tsantsan. Majalisar wakilai ta amince da amfani da ƙarfi da ƙuri'a 296 da 133, ta dattawa da 77 da 23.

Duk wanda zai kaɗa ƙuri'ar yaƙi ya karanta rahoton duka, ya kuma fara daga inda aka saɓa. Kwamiti ya gayyato masu saɓanin su yi bayani da bakinsu, ba shugabanninsu a gefe. Sannan a ajiye ta sirri da ta jama'a kafaɗa da kafaɗa, a bi layi-layi a ga me ya ɓace.

Barin kalmomi su yi yawo ba takunkumi

A 1951 wani ƙiyasin Amurka ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi a kai wa Yugoslabiya hari. Sherman Kent, ɗaya daga cikin marubutan, ya zagaya ya tambayi abokan aikinsa me kowa ke nufi da wannan lafazi. Amsoshin sun kama daga kashi 20 har zuwa kashi 80 cikin ɗari, ga shi dukansu sun sa hannu a jimla ɗaya.

Shekara hamsin bayan nan, kundin da gwamnatin Tony Blair ta Birtaniya ta fitar ranar 24 ga Satumban 2002 ya ce Iraƙi na iya shirya wasu makamanta masu guba cikin minti 45. Bayanin asali kan makaman fagen daga yake, amma kundin bai fayyace ba, jaridu kuwa suka ɗauka makamai masu linzami ake nufi. Daga baya hukumar leƙen asirin Birtaniya, MI6, ta janye bayanin asalin gaba ɗaya. Mai sa ido ya riƙa cewa a ba shi adadi: kashi nawa cikin ɗari? A kuma raba masa abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato yiwuwar abin ya faru, da kuma ƙarfin hujjar da aka dogara da ita. Yana da kyau kuma a hana masu nazari zama marubutan takardar da gwamnati za ta tallata manufarta da ita. Binciken da Lord Butler ya jagoranta a Birtaniya a 2004 ya ga illar haɗa waɗannan ayyuka biyu.

Ƙin ba na waje dama su duba

Zargin cewa Iraƙi ta nemi sayen yuraniyom daga Afirka ya shiga jawabin Shugaba George W. Bush na Janairun 2003. Akwai wasu takardu da ke nuna wai an ƙulla ciniki da Nijar. Da suka isa hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ba a ɗauki lokaci ba aka gano na jabu ne: ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan shekarar 2000, tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin waje da ya bar muƙamin tun 1989. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya sanar wa Kwamitin Sulhu hakan, saura ƙasa da mako biyu a fara yaƙi. Su ma sufetocin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Hans Blix sun je wuraren da aka nuna musu, ba su sami abin da aka ce ba.

Gani ya kori ji. Idan akwai sufetoci a ƙasa, kwamiti ya tambaya: an ba su mafi ingancin abin da muke da shi? Da suka je suka dawo hannu rabbana, an sauya ƙiyasin, ko kuwa an ce rashin samun ma shaida ce ta iya ɓoyo? Ƙiyasin da babu abin da zai iya ƙaryata shi ya daina zama ƙiyasi, ya zama aƙida.

Gudun kuskuren jiya har a faɗa na yau

Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 an gano shirin nukiliyar Iraƙi ya yi nisa fiye da yadda aka zata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa masu nazari suka shiga 2002 da shirin zaton mafi muni. Haka a ƙarshen shekarun 1950 aka yi ta kururuwar Tarayyar Sobiyet ta tsere wa Amurka a makamai masu cin dogon zango, har hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna a 1961 cewa kaɗan take da su.

Kada dai a ɗauka kullum zuzutawa ake yi. Gwajin nukiliyar Indiya na Mayun 1998 ya zo wa CIA ba zato, kuma a Oktoban 1973 leƙen asirin sojan Isra'ila ya ga shirin Masar da Siriya ƙuru-ƙuru ya ƙi gaskatawa, saboda ya riga ya ƙudurta ba za su kai hari ba. Mai sa idon da ya ce komai ƙarya ne, shi ma bai yi aikinsa ba. Maganin da aka fi sani shi ne a ware wasu ƙwararru su gina hujjar kishiya. Sai dai a kula da waɗanda za a zaɓa. A 1976 an gayyato tawagar waje ƙarƙashin Richard Pipes ta ƙalubalanci CIA kan Sobiyet, amma da yake an tara masu ra'ayi ɗaya ne, sai ta zuzuta barazanar a fannoni da dama.

Kwamiti ya zama ɗan amshin shata

Sirri yana da zaƙi. Wanda aka shigar ɗaki aka nuna masa abin da sauran jama'a ba su sani ba, a hankali yakan fara ganin kansa ɗan gida, ya koma kare hukumar da aka ɗora masa dubawa. Ga kuma raunin da ke cikin tsarin kansa: hukumar ce ke zaɓar abin da za ta nuna. A Amurka akan taƙaita wasu bayanai ga shugabannin majalisa takwas kawai, sau da yawa ba tare da ma'aikatansu ba, kuma ba su da damar shawartar kowa. A Maris na 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi daraktan leƙen asiri James Clapper ko hukumar tatsar bayanan sadarwa ta NSA na tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, Clapper ya ce a'a, ba da gangan ba. A watan Yuni takardun sirrin da tsohon ma'aikacin kwangilar NSA Edward Snowden ya fallasa suka nuna akasin haka, Clapper ya amsa cewa amsarsa kuskure ce.

Kwamitin da zai tsira daga wannan yana buƙatar ƙwararrun ma'aikata nasa na kansa masu izinin ganin sirri, da ikon neman takarda ba sai wadda aka ga dama aka miƙo ba, da hannu a kasafin kuɗin hukumar, domin nan ne kawai ake jin maganarsa da sauri. Yana buƙatar 'yan adawa a ciki, da kuma amintacciyar ƙofa da ƙaramin jami'i zai bi ya kawo ƙorafi ba tare da ya rasa aikinsa ba. Shi ma kwamitin dole ya iya riƙe bakinsa. Ranar da sirri ya fita ta wajensa, ya ba hukumar hujjar rufe masa ƙofa.

Ihu bayan hari

An yi bincike masu kyau kan Iraƙi, amma duka bayan an binne mutane. Rahoton kwamitin dattawan Amurka ya fito a Yulin 2004. Na John Chilcot a Birtaniya, wanda ya ce an gabatar da barazanar da tabbacin da hujja ba ta kai ba, sai 6 ga Yulin 2016, shekara goma sha uku bayan mamayar. Na harin mashigin tekun Tonkin da ke gaɓar Biyetnam ya fi haka daɗewa. Ranar 7 ga Agustan 1964 majalisar Amurka ta ba Shugaba Lyndon Johnson ikon faɗaɗa yaƙi a Biyetnam, dattawa biyu kacal suka ƙi, bisa rahoton harin da aka ce an kai wa jiragen ruwan Amurka ranar 4 ga wata. Sai a 2005 aka saki nazarin cikin gida na NSA da ya nuna ba a kai harin wannan dare ba.

Don haka a rubuta cikin ƙa'idojin majalisa, tun ana zaman lafiya, cewa ba za a kaɗa ƙuri'ar amfani da ƙarfi bisa bayanan sirri ba sai kwamiti ya ga hujjojin asali, ya saurari masu saɓani, ya kuma miƙa wa zauren nasa ra'ayin a rubuce. Gwamnati za ta ce lokaci ya ƙure, kuma wani lokacin gaskiya ta faɗa. In haka ne, a ba ta izini mai wa'adi, na kwanaki ƙididdigaggu, wanda zai mutu da kansa idan ba ta dawo da hujjar da ta yi alkawari ba.