Yadda Za Ka Gane Jikinka Ya Fara Bijire wa Insulin

Insulin sinadari ne a jiki da ke shigar da suga cikin tsoka. Idan jiki ya daina jin sa, gaɓar da ke bayan tumbi ce ke ƙara tsarto shi har ta gaji. Ana shekaru a haka ba ciwo, kafin ciwon suga, hawan jini da kitsen hanta su bayyana.

Idan ka haura 40, fara da tef ɗin tela. Zagaya shi daidai cibiya, ka saki numfashi, kada ka tsuke ciki. Namiji ya kai santimita 94, mace 80, to a kula. Duba bayan wuya da hammata: baƙin da ya yi kauri, mai laushi, ba dauɗa ba ne, soso ba ya fitar da shi.

Sai gwajin sugan jini da safe, bayan awa 8 ba abinci. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko ɗakin gwaji mafi kusa. A ma'aunin mg/dL, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama a maimaita, a ga likita. Shayi mai madara kafin gwaji yana ɓata sakamako.

Jos ba ta rasa kabeji, latas da koren wake ba, su cika rabin faranti. Tuwo, ko na acha ne, kada ya wuce dunƙulen hannunka. Abin da ya fi cutar mutane shi ne na sha: lemon kwalba, kunu da zoɓo masu suga.

Yi tafiya mai sauri minti 30, kwana 5 a mako. Mai kilo 90 ya rage 5 zuwa 6, zai ga bambanci a gwaji na gaba.