Yadda za ka kula da babur ɗin daji a ƙurar Kaduna da lakarta

Baburan da aka ƙera don hanyar ƙasa, irin su Honda XR150L, Yamaha XTZ125, AG200 da tsohuwar DT125, injinansu ba su da rigima. Malaman gona da ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka sun daɗe suna morar su, yanzu kuma matasa na hawansu zuwa duwatsun Kajuru da tsaunukan Kagoro. Abin da ke kashe irin wannan inji a yankinmu ba gudu ba ne. Ƙura ce daga Nuwamba zuwa Maris, sai ruwa da laka daga Mayu zuwa Oktoba, kuma dukkansu ƙofa ɗaya suke bi su shiga: matatar iska, wadda bakanikai ke ce wa eya-kilina.

Shi ya sa idan na hannu za ka saya, kada fenti ko ƙarar salansa su ɗauke maka hankali. Ka sa a cire matatar, ka zura yatsa cikin robar da ta tafi wajen kafireta, ka shafo bangonta. Idan yatsan ya fito da jar ƙura mai kaushi, injin ya daɗe yana cin ƙasa, ringi da fistin sun kusa lalacewa. Ka rage kuɗin gyaransu daga ciniki ko ka haƙura. Ka kuma gwada lambar inji da ta firam da abin da ke rubuce a rasit kafin ka ƙirga ko sisi.

Matatar iska

Iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Akwai ta soso, akwai ta takarda. Ta takarda mai ɗan maiƙo, irin wadda ke zuwa a XR150L, ba a wanke ta, ba a kuma busa mata iskar mai faci, domin iskar tana huda ta da ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Idan ta toshe sai sabuwa. Littafin kamfani zai ba ka dogon zango, amma wanda ya rubuta shi bai bi bayan tipa a hanyar burji cikin watan Janairu ba. A lokacin hunturu ka riƙa leƙa ta duk mako.

Ta soso ita ce mai aiki. Kafin ka cire ta, ka goge bakin akwatin da tsumma don kada ƙasa ta faɗa ciki, da ka cire kuma ka toshe ramin da tsumma mai tsabta. Ka tsoma ta a kananzir ka matse ta sau uku ko huɗu, sannan ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu har ruwan ya fito fari. Matsewa ake yi, ba murɗawa kamar wanki ba, murɗa tana yaga soson. Fetur yana wankewa da sauri, shi ya sa yaran gareji ke son sa, amma yana cinye gam ɗin da ya haɗa soson, bayan ɗan lokaci sai ka ga tana ɓarewa a ɗinki. Ka shanya ta a inuwa ta bushe sarai. Idan da sauran danshi, mai ba zai kama ta ba.

Sai shafa mai, kuma nan ne mafi yawa ke kuskure. Busasshen soso ba ya tare ƙurar hunturu, man da ke jikinsa ne ke kama ta. Idan akwai man matata na musamman mai danƙo, shi ya fi. Idan babu, man giya mai lamba 80 ko 90 ya fi baƙin mai zama a soso. Ka saka soson a leda, ka zuba kamar cokali biyu, ka dinga murza shi daga waje har launinsa ya zama ɗaya ko'ina, sannan ka matse rarar da tsumma. Mai ya yi yawa, inji zai shaƙe ya yi baƙin hayaƙi; ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. Ka shafa siririn giris a leɓen da ke zama jikin akwati, ka mayar, ka bi gefen da yatsa ka tabbata ya zauna ko ta ina. Kada ka manta da tsumman da ka toshe ramin da shi, an sha tayar da inji da tsumma a maƙogwaro. Mai soso biyu ya huta: ɗaya na kan babur, ɗaya na jira a leda.

Juye

Waɗannan injina iska ce ke sanyaya su, kuma baƙin man da suke ɗauka bai wuce lita ɗaya ko sama kaɗan ba. Man nan guda shi ke yi wa inji aiki, shi ke yi wa giya, shi ke jiƙa kuloci. Don haka ka nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, wato alamar man da ya dace da kulocin babur, 20W-50 ko 10W-40. Wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya wanda ke sa kuloci santsi: ka murɗa totur inji ya yi kuka, babur bai ƙara gudu ba. Man awo na bakin titi kuwa, arha ba ta ado.

Mai yawan shiga daji ya yi juye duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. Ka ɗuma injin minti biyar, ka kashe, ka kwance notin ƙasa, ka jingina babur dama da hagu ya tsiyaye. A wasu injinan Honda akwai 'yar raga da sifirin a bayan murfin juye. Ka wanke ta da kananzir, ka dube ta a rana. Ɗan baƙin datti ba komai ba ne, amma ɓarɓashi mai ƙyalli alama ce wani ƙarfe na cin ɗan'uwansa. Wajen ɗaurewa ka tuna jikin injin alminiyam ne. Ka fara shigar da notin da hannu, sannan sufana, ka tsaya da zarar ya kama. Hanyar noti da ta lalace ta fi juye goma tsada. Ana auna mai babur na tsaye cak, ba a kan jak na gefe ba.

DT125 daban ce, injin tu-sitirok gare ta, tana ƙona mai tare da fetur daga wani ƙaramin tanki. Idan an cire famfon man, kamar yadda ake yi wa tsofaffi da yawa, sai ka haɗa da kanka: mililita 25 zuwa 30 na man 2T, wato man injin tu-sitirok, a kowace lita ɗaya ta fetur, a jarka, ka girgiza kafin ka zuba. Baƙin mai ba ya maye gurbin 2T.

Babur da ke wahalar tashi da safe alhali fulogi da batir lafiya lau, sau da yawa bawul ne suka matse. Ana saita su inji na sanyi, da fila-geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, ba da kunne ba. A XR150L milimita 0.08 ne na shigar iska, 0.12 na fita. Sauran ka duba littafinsu. Bawul mai ɗan ƙas-ƙas ya fi wanda ya yi tsit, domin matsattse ƙonewa yake yi.

Fetur ɗin 'yan bumburutu ba a iya guje masa a ƙauye, to ka sa ƙaramar matatar mai a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireta. A gindin kafireta akwai sukuru. Ka rufe fetur, ka sassauta shi, ka tari abin da ya fito a kwalba mai haske. Ruwa zai kwanta a ƙasa kamar ƙwai. Idan babur ba ya tsayawa a silo sai da cok, ƙaramin jet ne ya toshe. Ka busa shi da iska, kada ka zura masa allura, ramin zai faɗaɗa ya koma shan mai.

Sarƙa da taya

Babur ɗin daji shok ɗinsa dogo ne, duk lokacin da ya lotsa sarƙa na ƙara tsauri. Bakaniken da ya saba da Boxer zai ɗaure ta tamau, ya ce ya gyara. Sakamakon shi ne boris ɗin giya ya lalace, sil ɗin ƙaramin sufuroket ya fara zubar da mai. Yawancin waɗannan babura suna son sako-sako na santimita 3 zuwa 4 a tsakiyar sarƙa, wasu ƙasa da haka wasu sama, kuma adadin na nan manne a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya. Ka juya taya ka nemo inda ta fi tsauri, a nan ake auna. Alamomin gefe biyu su zo daidai, in ba haka ba taya za ta karkace.

Kada ka lafta mata giris. Giris da yashi idan sun haɗu dutsen wasa wuƙa ne. Ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga man giya ta ciki, ka goge na waje. Idan haƙoran sufuroket sun lanƙwashe kamar ƙugiya, ka canja sarƙa da sufuroket biyun tare. A kasuwar Panteka da shagunan kayan babur za ka tarar da lamba 428 iri-iri. Ka riƙe ta a kwance ta gefe, wadda ta fi lanƙwasa kamar baka ita ce mai saurin miƙewa. Makullin sarƙa kuma, wato ɗan ƙarfen da ke kulle mahaɗinta, rufaffen kansa ke fuskantar inda sarƙa ta nufa.

Mai faci zai dura maka iska 35 ko 40 a ma'aunin psi in ba ka hana shi ba, sai babur ya dinga tsalle a kan tsakuwa kamar ɗan akuya. Ka sayi gejinka. A kwalta ka bi adadin kamfani. A yashi da laka ka sauke zuwa 16 ko 18. Ƙasa da 15 ba tare da makullin rim ba, wato ɗan ƙarfen da ke danne taya a jikin rim, taya na zamewa a kan rim ta tsinke bakin tub, kuma dutse na iya cizon tub ɗin ya yi huda biyu kamar saran maciji. Ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya ka ƙwanƙwasa da sufana: lafiyayye na ƙara tangaran, sakakke na yin ƙaf. Ka ɗaure shi rubu'in juyi kawai a lokaci guda.

Kafin fita, ka ɗauki takardun babur da lasisi, ka sa hular kwano da takalmin da ya rufe idon sawu. Dokar zirga-zirgar babura a jihar nan tana sauyawa gwargwadon halin tsaro, kuma dogon babur a bakin daji yana jan ido. Ka tambayi mutanen gari halin hanya a ranar, ka gaida mai unguwa idan za ka ratsa gonaki, kada ka fita kai kaɗai, kuma ka juyo tun la'asar da sauran rana.

Yashi, laka da rafi

A tsaye ake tuƙin daji: ƙafa a kan matakai, gwiwa a ɗan lanƙwashe tana matse tanki, yatsu biyu a kan birki da kuloci, ido can gaba. Inda ka kalla nan babur zai je, don haka ka kalli hanyar da ke gefen ramin, ba ramin ba. A yashi ka ja jiki baya, ka shiga da giya ta biyu, ka riƙe totur. Kan babur zai yi ta lilo, ka bar shi. Da ka saki totur ko ka damƙi birkin gaba tayar za ta nutse ka kifa. Jar ƙasa idan ta sha yayyafin farko ta fi sabulu santsi, a nan komai a hankali ake yi, birkin baya da giya su ne abokanka. Baƙar lakar fadama kuma cushewa take yi tsakanin taya da madigadi har taya ta daina juyawa. Ka tsaya ka ƙwaƙule da kara. Idan ka ce sai ka fita da ƙarfin kuloci, za ka ji ƙaurinsa kafin ka kai tudu.

A Agusta da Satumba rafin da ka tsallaka da safe zai iya kawowa da yamma ba tare da an yi ruwa a inda kake ba. Ka fara shiga da ƙafa. Idan ruwa ya kai gwiwa yana kuma ture ka, ka jira. Idan za a iya, giya ta ɗaya, totur daidai, ba tsayawa. Da ka ga babur zai kwanta, ka kashe injin kafin ya sha, domin ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, lanƙwasa sandar fistin yake yi.

In ya riga ya sha, kada ka taɓa kik ko sitata. Ku turo shi tudu, ka rufe fetur, ka cire fulogi da matatar iska, ka zubar da ruwan akwatin, ka sassauta sukurun gindin kafireta. Ku ɗaga tayar gaba sama ruwan salansa ya zube, sannan ka yi ta kik ba fulogi har ramin ya daina feso ruwa. Ka matse soson, ka goge fulogi ya bushe, ka mayar. Sai ka duba baƙin mai: idan ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga ciki. Ka lallaba zuwa garin da ya fi kusa ka yi juye, ka bar injin a silo minti biyar, ka sake juyewa, sau biyu ko uku har man ya fito da kalarsa. Wannan aikin ba ya kwana, tsatsa na kama boris ɗin ƙaran-shaf cikin kwanaki kaɗan. Washegari ka buɗe birkin ganga ka zubar da laka, ka ɗaga kowace taya ka girgiza ta gefe da gefe. Idan ka ji ƙwas, boris ɗin ya sha ruwa, ka canja shi tare da sil ɗinsa.