Yadda za ka riƙe karin maganar Turanci na rabo da yawan abu ba sai ka yi hadda ba

Yaranmu na nan wajen Gujungu masu shirin WAEC da NECO, wani lokacin ba nahawu ke kayar da su a Turanci ba, karin magana ne, musamman masu zancen rabo da yawan abu. Kwanaki ɗan ƙanena ya karanto "they paid him peanuts" ya ce min, Baba wai da gyaɗa aka biya mutumin? Ni dai ban ga laifinsa ba, mu da muka taso da labarin dalar gyaɗa ta Kano ai gyaɗa kuɗi ce, amma su nufinsu an ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Toh ga dabarar. Kar ka bi kalma-kalma, fara tambayar kanka tukuna, zancen nan na abu mai yawa ne ko na ɗan kaɗan? In ka gane wannan rabin aikin ya ƙare, sai ka nemo masa ɗan'uwansa a Hausa ka rubuta su gefe da gefe a bayan littafinka.

Ɗauki "the lion's share". Asalinsa tatsuniyar Girkawa ce, zaki ya fita farauta da wasu dabbobi, da aka zo rabo ya handame duka, amma yanzu in an faɗa ana nufin kaso mafi tsoka, ba duka ba, kuma nan ne masu jarrabawa ke ɗana tarko. Ka tuna ranar da aka casa gero, mai gona ya kwashe buhunansa, masu aiki suka tashi da tiya biyu biyu, shikenan ka riƙe shi.

"A drop in the ocean" shi ne namu na ko cikin cokali bai kai ba, mutanen Amurka kuma sun fi cewa "a drop in the bucket", bokiti maimakon teku, abu ɗaya ne. "A dime a dozen" kuwa kamar jamfa a Jos, dime kwabbai 10 ne na dala, dozin kuma 12, wato abu ya yi yawa har ya yi arha. "Make a mountain out of a molehill" mai da allura garma, wannan ba sai an tsaya ba.

Wanda ya fi ba yara wuya shi ne "the tip of the iceberg", don wa ya taɓa ganin dutsen ƙanƙara a Jigawa? Jefa ƙanƙara a kofin zoɓo ka duba, ɗan kai ne kawai a sama, kusan kashi 9 cikin 10 yana ƙasa. Ma'ana abin da ka gani kaɗan ne, babban yana ɓoye.

Ni wanda na fi so "a baker's dozen", 13 ne ba 12 ba. An ce masu burodi a Ingila ta da suna ƙara ɗaya saboda tsoron tara in awo ya gaza. Wannan ai gyara ce, irin wadda mai ƙosai ke ɗora maka in ka sayi na ɗari biyar, sai dai ita don ka dawo gobe take yi ba don tsoron hukuma ba.

Kullum ɗauki guda biyu kacal, ka ƙulla jimla da kowanne a kan abin da ka gani ranar kasuwa, ka karanta wa abokinka ya faɗi na Hausar.