Yadda Ake Ɗaga Babbar Motar Kwana A Shiga Ƙarƙashinta Lafiya

Motar kwana, wato babbar motar nan mai gado da banɗaki da wurin girki a ciki, ba kasafai take shigowa garejinmu a Zariya ba. Masu yawon buɗe ido kan biyo da ita ta hanyar Kano jefi-jefi, sai kuma masu mayar da tsohuwar Coaster ɗakin kwana. Duk ranar da ta shigo, kuskuren yara ɗaya ne: su ɗauke ta kamar J5, su zura mata jek, su kwanta. Coaster kaɗai da lodinta ta haura tan 5, manyan na Amurka kuwa suna wuce tan 10.

Ka fara da karanta ɗan ƙarfen da ke manne kusa da ƙofar direba, nan aka rubuta nauyin motar da abin da kowane aksul, wato ƙarfen da tayoyi ke ɗaure a kansa, ke ɗauka. Na baya ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Sannan ka zubar da ruwan tankuna, don lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 200 ya kai buhu biyu na masara. Rufe tukunyar gas, ka zare makulli ka sa a aljihunka, kowa ya sauko daga ciki.

Sai wuri. Daɓen kankare mai kauri shi ne daidai, amma mu nawa ne muke da shi? Idan a ƙasa za ka yi aiki, nemi inda ya daidaita kuma ya bushe, ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jek da matokari. Jar ƙasar nan tamu da rani kamar dutse take, amma a watan Agusta samanta kaɗai ke bushewa, ƙasan taɓo ne. Kwalta ma tana lotsawa idan rana ta buɗe.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan na kusa rasa yarona. Birkin hannu ba ya riƙe tayoyin gaba. Tayoyin baya yake kamawa, a wasu motocin ma ba tayar yake kamawa ba, farfela yake riƙewa, wato sandar ƙarfen nan da ke fitowa daga bayan giya tana juya tayoyin baya. Da zarar ka ɗaga baya, ko ka kwance farfela a irin waɗannan motocin, motar nan ba abin da ya riƙe ta sai Allah, ko da tana cikin giya. Wata shekara aka kawo mini Coaster da aka mayar ta kwana, a gefen Kwangila, wurin yana da ɗan gangare zuwa kwalbati wanda ido ba ya ko gani. Na ja birkin hannu har ƙarshe, na tura rabin bulo gaban taya ɗaya, na ce ya isa. Yaro yana ƙarƙashi, yana cire noti na ƙarshe na farfela, sai na ji ƙas, bulon ya dare. Motar ta silalo kamar taƙi biyu. Na ga kan jek ya karkace, man yana tsartuwa. Da ƙafa na finciko yaron, rigarsa ta yage har kafaɗa. Yana miƙewa ya ce, "Oga, ai na ɗauka kun sa weji." Ban iya ce masa komai ba.

Tun ranar dokata weji huɗu, na icce mai tauri, gaba da bayan kowace tayar da za ta zauna a ƙasa, a buga su da guduma har su cije. Dutse ba weji ba ne. Kafinta zai yanka maka su a kuɗin da bai kai na galan ɗin baƙin mai ba.

Jek na kwalba nake amfani da shi, mai tan 20, ko da lissafi ya ce mai tan 12 zai iya. Sa shi a ƙarƙashin aksul, dab da inda sifirin ya zauna, ko a jikin shasi, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, inda ya yi kauri. Kada ka kuskura ka tokari bodi ko tanki ko tukunyar mai ta inji. Ka ɗaga kaɗan, ka tsaya ka duba ko jek yana tsaye kyam, ka ƙara. Idan ya fara karkata, sauke ka sake.

Jek ɗagawa ne aikinsa, ba riƙewa ba. Ɗan zoben roba ne ke tare man da ke cikinsa, kuma ba ya sallama in zai saki. Don haka mota tana kaiwa inda kake so, ka zura matokaran ƙarfe biyu, dama da hagu, ka sauke nauyin a kansu a hankali, ka bar jek yana taɓawa kawai. Duba rubutun jikin matokarin da kyau, da yawa nauyin da aka rubuta na guda biyu ne a haɗe. In babu su, jera guntayen timba, biyu a kwance biyu a gicciye a kansu, hawa-hawa. Bulon siminti kam ko kyauta aka ba ka, a'a. Ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, rugujewa yake yi gaba ɗaya.

Wasu motocin kwanan suna zuwa da ƙafafun da ke saukowa da kansu in an danna maɓalli. Don daidaita motar a wurin kwana aka yi su, kada su ruɗe ka. Haka mai balan-balan ɗin iska a maimakon sifirin: tiyo ɗaya ya fashe, ko ka kwance shi bisa kuskure, bodin zai zauna a kanka. Irin wannan, shasin za ka tokare, ba aksul kaɗai ba.

Kafin ka shiga, ku biyu ku jijjiga motar da ƙarfi ta kowane gefe. Gara ta faɗi yanzu. Tura tayar da ka cire ƙarƙashin shasi ta zama kariya, cire kan batir, ka ajiye mutum ɗaya a waje wanda ba zai tafi shan shayi ba. Idan noti ya ƙi kwancewa, kada ka sa dogon bututu kana fizga har motar na rawa, zuba masa mai ka jira.

Saukewa kuwa baya-baya ne: leƙa ka tabbata ba kowa ba sifana a ƙasa, ɗaga kaɗan, zare matokari, sauke a hankali, ƙarasa ɗaure notin taya bayan ta taka ƙasa. Weji shi ne na ƙarshen fita, bayan ka mayar da farfela ka gwada birkin hannu.