Yadda ake gano matsalar estanal ɗin da kwamfuta ta ƙi gani, ba tare da an rasa abin da ke ciki ba

Sau da yawa ba lalacewar faifai ce ke cinye wa mutum fayilolinsa ba, abin da ya yi da hannunsa ne a rabin sa'ar farko. Ya jona estanal ɗinsa, wato faifan ajiyar nan na waje da ake haɗawa da kwamfuta ta kebul ɗin USB, bai ga komai ba. Ya zare ya mayar, ya zare ya mayar, can sai Windows ta fito da saƙo cewa sai an yi fomatin kafin a iya amfani da faifan, shi kuma don gajiya ya amince. Saboda haka tambaya ɗaya ce a gaba da komai: abin da ke cikin faifan nan, akwai kwafinsa a wani wuri? In akwai, gwada duk abin da ka ga dama. In babu, aikinka ceto fayiloli ne tukuna, gyaran faifai ya biyo baya. Kada ka danna duk wani maɓalli da aka rubuta wa Format ko Initialize.

Mataki na farko: saurara kafin ka dubi allo

Kwantar da faifan a kan tebur, ka jona shi, ka ɗora tafin hannunka a kansa. Lafiyayyen faifai za ka ji yana ɗan kaɗawa a hankali kamar ƙaramar fanka. In haka ka ji, injin ciki yana juyawa, kuma matsalar ta fi kusa da kebul ko tsarin Windows. In ka ji shiru, fitilarsa ma ba ta kama ba, wuta ce ba ta kai masa. Estanal na SSD kam, wato mai ajiye bayanai irin yadda filash ke yi, ba abin da ke juyawa a cikinsa, shirunsa ba alamar komai ba ne.

Abin tsoro shi ne ƙarar ƙit-ƙit-ƙit a jere, ko wani siririn kuka da ke tashi yana yankewa. Ƙarancin wuta na iya jawo haka, don haka kana da gwaji ɗaya tak: wani kebul, a wata kwamfutar. In ƙarar ta dawo, balle a ce faifan ya taɓa faɗuwa, zare shi ka adana. Allurar da ke karanta bayanai ce ta lalace ko ta manne da faranti, kuma kowace jonawa tana iya kankare saman farantin da fayilolinka ke kai. Ba manhajar da ke maganin wannan. Kada ka bubbuga shi. Kada ka sa shi a firiza kamar yadda wasu ke cewa, raɓa ce za ta taru masa a ciki. Kada kuma ka bari wani ya kwance murfin ƙarfensa a teburin shago, domin tazarar da ke tsakanin allura da faranti ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba, nesa ba kusa ba, ga shi kuwa mun san yadda ƙurar hunturu take shiga ko'ina. Wannan aikin masu ɗaki mai tace iska ne, kuma akwai tsada.

Mataki na biyu: kebul da wuta

Ƙaramin estanal mai inci 2.5 daga ramin USB yake shan wutarsa. Ramin USB 2.0 miliamp 500 aka tsara ya bayar, na USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, miliamp 900. Lokacin da faifan ke tashi ne ya fi jan wuta, shi ya sa yake kunna fitila amma ya kasa juyawa a rami mai rauni. A babbar kwamfutar tebur, bar ramukan gaba ka zagaya na baya, su ne ke manne da babban allon injin. Cire duk wani mahaɗi mai baki da yawa da ƙarin doguwar waya. In laftof ce, sa mata cajarta.

Sannan canza kebul, ko da wanda ke jiki ya yi kama da sabo. Ya fi komai arha, kuma ya fi komai yawan laifi. Estanal mai faffaɗan bakin nan na USB 3.0, in ba ka da irin kebul ɗinsa, na tsohuwar wayar Android zai shiga gefe ɗaya na bakin ya yi aiki, sai dai a hankali. Amma ya zama kebul mai ɗaukar bayanai, domin akwai waɗanda caji kawai suke yi. Ka ɗan motsa kan kebul ɗin a bakin faifan: in fitila tana ɗaukewa tana dawowa, dalmar bakin ce ta saki, kuma mai gyaran waya da ya iya hannunsa zai ɗinke ta.

Babban estanal mai inci 3.5 yana da adaftarsa ta volt 12. Cajar laftof da yawa volt 19 ne, kuma bakinta kan shiga ramin daidai. Duba rubutun jikin adafta kafin ka jona, don wannan kuskuren take yake ƙona allon faifan.

Mataki na uku: Disk Management

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka a nan za mu daɗe. Rashin ganin faifai a This PC ba ya nufin kwamfuta ba ta gan shi ba. Danna maɓallin Windows da X tare, ka zaɓi Disk Management, ka ba shi minti ɗaya ko biyu. In tagar ta sandare, ba ta motsa ba sai da ka zare faifan, riƙe wannan a ranka: faifan yana fama wajen karanta kansa, ka tsallaka zuwa mataki na biyar kai tsaye.

Dubi rabin tagar na ƙasa. Da girma za ka gane naka, kada ka yi hasashe, don kada ka taɓa faifan cikin kwamfutar. Mai 500GB zai nuna wajen 465GB, mai 1TB wajen 931GB, mai 2TB wajen 1863GB. Ba ƙwange aka yi maka ba, lissafin Windows ne ya bambanta da na masu ƙerawa.

In layin shuɗi ne, an rubuta Healthy da NTFS ko exFAT, wato tsarin fayilolin da Windows ke karantawa, amma ba harafi irin E: ko F:, ka huta. Danna dama a kansa, ka shiga Change Drive Letter and Paths, sai Add, ka ba shi harafin da ba kowa a kai. In kuma Offline aka rubuta a gefen hagu, danna dama a kan sunan faifan ka zaɓi Online. Hakan kan faru da faifan da aka kwafe daga wani sak, lambar shaidarsu ta zo ɗaya. Waɗannan biyun ba sa taɓa fayil ko ɗaya.

In an rubuta Healthy amma ba a ambaci NTFS ko exFAT ba, tambayi kanka inda aka fara amfani da shi. Faifan da aka shirya a Mac da tsarin APFS ko HFS+, ko a Linux da ext4, Windows ba ta iya karanta shi, alhali lafiyarsa ƙalau. Mayar da shi irin injin da ya fito.

Saura uku masu haɗari. RAW na nufin Windows ta ga ɓangaren faifan da fayiloli ke ciki amma ta kasa gane tsarin fayilolinsa, kuma shi ne ke fito da saƙon fomatin. Abin da ya fi jawo shi zare faifai ana tsaka da rubutu, ko ɗaukewar wuta a kwamfutar da ba ta da UPS, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Unallocated, mai baƙin layi, na nufin taswirar da ke nuna inda ɓangaren ya fara da inda ya ƙare ce ta ɓace. Not Initialized kuwa, in ya nuna cikakken girman faifan, ita ma matsalar taswira ce. In bai nuna girma ba sam, laifin na ƙaramin allon da ke haɗa USB da faifan ne ko na faifan kansa. A duka ukun, fayilolin galibi suna nan kwance inda suke. Kamar rumbu ne da aka ɓatar da takardar lissafinsa, hatsin bai je ko'ina ba. Format, Initialize da New Simple Volume duk sabuwar takarda suke rubutawa a gurbin tsohuwar da kake buƙatar a farfaɗo.

Ka kuma bar chkdsk, wato umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, duk da shi ne shawarar da aka fi yaɗawa. A kan RAW ƙin aiki yake yi. A kan faifai mai ciwo kuwa yana iya daddatsa fayiloli ya tara su a wata folda mai suna FOUND.000, ba suna ba asali.

Mataki na huɗu: in bai fito a can ba

Windows da X, sai Device Manager. Buɗe Disk drives da Universal Serial Bus controllers, ka nemi mai alamar ruwan ɗorawa ko mai suna Unknown USB Device. Danna dama, Uninstall device, zare faifan, sake kunna kwamfutar, ka mayar. A kowane USB Root Hub, shiga Properties, sai Power Management, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin wuta. Kada ka sauke manhajojin da ke alkawarin sabunta maka direbobi. Estanal ba ya buƙatar direba na musamman. In kwamfuta biyu da kebul biyu duk sun ƙi shi, ba Windows ba ce.

Mataki na biyar: auna lafiyarsa, sannan ka kwashe

Sauke manhajar CrystalDiskInfo mai auna lafiyar faifai, kyauta ce. In ta nuna Good, ci gaba. In Caution ta nuna da ruwan ɗorawa, musamman a layin 05, C5 ko C6, faifan yana da guraben da suka mutu ko suke hanyar mutuwa. Irin wannan ba a yi masa dogon bincike kai tsaye. Ana fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifan da ya kai shi girma ta hanyar umarnin ddrescue a Linux, wanda ke kwashe wurare masu kyau tukuna ya dawo kan masu wuya daga baya, sannan a yi aiki a kan kwafin. In ba ka saba da Linux ba, biyan wanda ya iya ya fi, don juya sunayen faifan biyu a umarnin yana shafe na asalin.

Ga mai lafiya da ke nuna RAW ko Unallocated, manhajar ceto fayiloli ta TestDisk ce, ita ma kyauta. Zaɓi faifan, Analyse, Quick Search. In ɓangarenka ya bayyana, danna P ka ga foldodinka, ƙaramin a don zaɓar duka, babban C don kwafewa. Ajiye su a wani faifai dabam, ba a kan wanda kake cetowa ba, ko da fayil ɗaya ne. Kada ka taɓa Write sai ka buɗe abin da ka kwafe ka tabbatar yana buɗuwa. In TestDisk ta kasa, PhotoRec da ke zuwa tare da ita za ta tsinto fayilolin, sai dai ba sunayensu ba foldodinsu.

Mataki na shida: fito da shi daga kwanso

In yana juyawa lafiya amma ba kwamfutar da ta gan shi, ƙaramin allon da ke haɗa USB da faifan ne abin zargi. Ɓamɓare kwanson roba na waje kawai. Yawancin ƙananan Seagate faifan SATA ne na yau da kullum, irin na cikin laftof, a ciki, sai ka sa shi a sabon kwanso. Ƙananan WD irin My Passport da Elements, da Toshiba Canvio da yawa, bakin USB ɗin a jikin allon faifan yake, wannan dabara ba ta aiki a kansu. Wasu WD My Book kuma allon ne ke kulle bayanan, in ka raba su sai faifan ya zama kamar ba komai a ciki, don haka kada ka jefar da tsohon allon. In kuwa ka buɗe ka tarar da ɗan filash an manna shi da wani ƙarfe don nauyi, jabu aka sayar maka. Sabon estanal mai arhar banza, gwada shi da manhajar H2testw mai tabbatar da ainihin girmansa kafin ka ba shi amanar komai.

Bayan fayiloli sun tsira ne ake fomatin. Tsarin taswirar GPT za ka zaɓa ga duk abin da ya haura 2TB. NTFS in Windows kaɗai kake amfani da ita, don ya fi jure ɗaukewar wuta. ExFAT sai in dole faifan ya riƙa zirga-zirga tsakanin Windows da Mac. FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil da ya kai 4GB, ka bar shi. Faifan da ya taɓa nuna Caution, fomatin ba ya warkar da shi: ya koma na ɗaukar abin da kake da kwafinsa a wani wuri.